Tunjere da Haɗarin Kamuwa da Shi ta Hanyar Saduwa

Tunjere, wanda wasu ke kira kabba, yana cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Ƙwayar da ke haddasa shi sunanta Treponema pallidum, siririya ce mai murɗe-murɗe, wadda wasu masana biyu, Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann, suka gano a birnin Balin na Jamus a shekarar 1905. Ko da yake an daɗe da samun maganinsa, ciwon bai gushe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai, mutum miliyan 8 masu shekara 15 zuwa 49 ne suka kamu da shi. A Amurka ma, inda asibitoci suka wadata, an samu fiye da mutum 200,000 masu ciwon a wannan shekarar, adadin da rabon a ga irinsa tun 1950.

Ƙwayar tunjere ba ta da juriya a wajen jikin mutum. Da zarar ta bushe, ko sabulu da ruwa suka taɓa ta, sai ta mutu. Shi ya sa ba a ɗaukar ciwon ta zaman masai, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko aron tufafi, ko musabaha. Hanyar shigarta ita ce haɗuwar jiki da jiki, inda gyambo ko ƙurji mai ɗauke da ƙwayar ya gogi fata mai laushi da danshi, irin ta al'aura da dubura da leɓe da cikin baki, ko kuma fatar da ta ɗan kuje. Saduwa kan haifar da ƙananan kujewa waɗanda ido ba ya gani, kuma ta nan ƙwayar ke kutsawa. Ba sai ta yi yawa ba: wani gwaji da aka yi a gidan yarin Sing Sing na Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 1956, ya nuna cewa ƙwayoyi kimanin 57 sun isa su harbi rabin mutanen da aka sa wa su. Ba kuma sai an fitar da maniyyi ba, domin gyambon ne ke yaɗa ciwon. Saduwa ta gaba da ta dubura da ta baki duk suna yaɗa shi, har ma da sumba idan akwai gyambo a leɓe ko a harshe.

Game da yawan yiwuwar kamuwa, abin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne binciken da aka yi ta bin sawun abokan saduwar masu ciwon. Ƙiyasin da ya fi yaɗuwa shi ne, a cikin mutum uku da suka sadu da mai tunjere yana matakin farko ko na biyu, kusan ɗaya zai kamu. Alƙaluman sukan bambanta daga wannan bincike zuwa wancan, daga kashi 10 har zuwa kashi 60 cikin ɗari, kuma mafi yawan adadin ana samunsa ne tsakanin waɗanda suka daɗe suna tare, suna maimaita saduwa. Wannan adadi ya ninka na ƙanjamau nesa ba kusa ba, domin yiwuwar ɗaukar ƙanjamau a saduwa ɗaya ta gaba ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Saduwa ɗaya tak tana iya wadatarwa a kamu da tunjere. Sai dai wannan haɗari yana hawa yana sauka ne gwargwadon matakin da ciwon ya kai a jikin mai ɗauke da shi.

Matakin farko yana bayyana ne tsakanin kwana 10 zuwa 90 bayan saduwa, galibi wajen mako uku. Wani ɗan ƙurji kan fito daidai wurin da ƙwayar ta shiga, ya fashe ya zama gyambo zagayayye mai taurin gefe, tsakiyarsa a share, yana ɗan tsattsafar ruwa. Kaluluwa kan taso a matsematsi. Babban abin lura shi ne gyambon yawanci ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, alhali ruwan da ke jikinsa cike yake da ƙwayoyin cutar. A jikin namiji yakan fito a kan azzakari ko ƙarƙashin loɓa ga wanda ba a yi wa kaciya ba. A jikin mace kuwa sau da yawa yakan ɓuya a cikin farji ko a bakin mahaifa, inda ita kanta ba za ta gan shi ba, balle mijinta. Haka wanda ya fito a dubura ko a maƙogwaro. Bayan mako uku zuwa shida gyambon kan warke da kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ɗauka jiƙon da suka sha ko man da suka shafa ne ya yi aiki, alhali ƙwayar ta riga ta bi jini ta bazu.

Mataki na biyu kan biyo baya cikin makonni ko 'yan watanni. Ƙuraje jajaye ko masu duhu kan feso a jiki, musamman a tafin hannu da tafin ƙafa, kuma galibi ba sa ƙaiƙayi. A baƙar fata sukan yi wuyar ganewa, har a ɗauke su a matsayin ƙurajen zafi ko borin jini. Akan samu zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da kasala, da zubar gashi tsilli-tsilli. Farare-fararen tabo kan fito a cikin baki, wasu tsiro masu faɗi da danshi kuma su fito a al'aura da kewayen dubura da matsematsi. Waɗannan masu danshin su ne mafi yaɗa cutar a duk tsawon rayuwar ciwon. Su ma sukan baje da kansu.

Daga nan ciwon kan kwanta, ya zama babu wata alama, sai gwajin jini kaɗai ke iya tona shi. Lafawar tasa kamar garwashi ne da toka ta rufe. Wani dogon bincike da aka fara a birnin Oslo na Norway a 1891, kan marasa lafiyar da ba su sami magani ba, ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu alamomin mataki na biyu sukan dawo musu, mafi yawa a cikin shekarar farko. Don haka ake ɗaukar shekarar farko, zuwa ta biyu, a matsayin lokacin da mutum ke iya harbin abokin kwanciyarsa. Bayan wannan lokaci, yaɗuwa ta saduwa kan yi ƙaranci ƙwarai, amma ɓarnar da ciwon ke yi wa mai shi ba ta tsaya ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ba a yi wa magani ba sukan kai mataki na uku bayan shekara 10 zuwa 30, inda ciwon kan lalata babbar jijiyar jini da zuciya da ƙashi da ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar jiki ko taɓin hankali. Yana iya taɓa ido da kunne a kowane mataki, har ya kai ga makanta ko kurumta.

Akwai abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa. Yawan abokan saduwa na gaba, sai saduwa da wanda shi ma yake da wasu abokan a waje, sai saduwa ba tare da kwaroron roba ba. Kwaroron yana rage haɗarin sosai idan an yi amfani da shi daga farko har ƙarshe, amma iyakar wurin da ya rufe kaɗai yake karewa. Gyambon da ke kan maraina ko matsematsi ko leɓe yana nan a buɗe. Wanke gaba ko yin fitsari bayan saduwa ba ya hana kamuwa. Tunjere da ƙanjamau kuma suna taimakon juna, domin gyambon ƙofa ce ga ƙwayar ƙanjamau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tunjere kan ninka haɗarin ɗaukar ƙanjamau kusan sau biyu. Wanda ya taɓa yin tunjere ya warke ba ya samun rigakafi, yana iya sake kamuwa sau da dama.

Zaman aure shi kaɗai ba ya kare mutum idan ɗaya daga cikin ma'auratan ya shigo da ciwon, ko daga waje ko daga auren da ya gabata. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ciwon kan bi ta kan miji ya zagaya ɗakuna, kuma idan aka yi wa mutum ɗaya magani aka bar sauran, sai ya sake dawowa kansa. Mafi munin sakamako yakan faɗa kan jarirai. Mai juna biyu tana iya sa wa ɗan da ke cikinta ko da ciwon ya yi shekaru a kwance, lokacin da ta daina harbin mijinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an samu kimanin 700,000 na irin wannan kamuwa daga uwa zuwa ɗa a 2022. Abin da kan biyo baya shi ne ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko bakwaini, ko jariri mai rauni. Macen da take yawan ɓari ko haihuwar 'ya'yan da ba sa zama, ya kamata a gwada jininta da na mijinta kafin a ɗora laifin a kan iska ko sammu.

Gwajin ba shi da wuya. Akwai na gaggawa da ake yi da ɗigon jini daga yatsa, sakamako ya fito cikin minti 20 ko ƙasa da haka, har da wanda ke duba tunjere da ƙanjamau a lokaci ɗaya a wajen awon ciki. Akwai kuma na ɗakin gwaje-gwaje, irin su VDRL da RPR da TPHA. Sai dai a makonnin farko jini kan iya nuna babu komai alhali ƙwayar tana nan. Saboda haka ƙa'idar likitoci ita ce, duk wanda ya sadu da mai sabon tunjere a cikin kwana 90 da suka wuce, a yi masa magani ko da gwajinsa bai nuna ciwon ba. Masu shirin aure da ke zuwa gwajin jini suna iya neman a haɗa musu da na tunjere.

Maganinsa shi ne fenisilin, wanda likita John Mahoney ya fara warkar da masu tunjere da shi a Amurka a 1943, kuma har yau bai daina aiki ba. Ga sabon kamu, allura ɗaya ta benzathine penicillin a ɗuwawu ta wadatar. Ga wanda ciwon ya daɗe, ko ba a san lokacin da ya kamu ba, akan yi allura uku, ɗaya kowane mako. Wasu kan yi zazzaɓi da ciwon kai a ranar farko bayan allurar, wanda kan wuce da kansa. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin ya sanar da likita tun kafin a yi masa. Ana ƙaurace wa saduwa aƙalla kwana bakwai bayan magani, kuma har sai gyambo ya warke sarai, sannan a koma a sake gwajin jini a lokacin da likita ya tsara. Sayen kafso a kemis ba tare da gwaji ba kan iya ɓatar da alamu ya bar ciwon a jiki. Magani yana kashe ƙwayar a kowane mataki, amma ba ya gyara gaɓar da ta riga ta lalace, don haka wanda ya ga gyambo marar zafi a al'aura, ko ƙuraje a tafin hannu da ƙafa, ko ya sami labarin abokin kwanciyarsa na da ciwon, ya je asibiti tare da shi ba tare da jiran wata alama ba.