Fitilar Masu Nutso: Me Ke Faruwa Idan Aka Kunna Ta a Tudu?

1.0 Gabatarwa

A arewacin Kamaru ruwa hanyar abinci ne ga jama'a da dama, tun daga Mayo Luti da ke ratsa ƙasar Gidar har zuwa tafkin Lagdo, wanda aka samu bayan kammala madatsar kogin Binuwai a 1982. Daga cikin kayan aikin masu nutso akwai wata fitila mai tsananin haske da ake kira HID. Wannan takarda za ta bayyana dalilin da ya sa kunna ta a tudu ke da haɗari.

2.0 Yadda Take Aiki

Ƙwan wannan fitila ba shi da zaren waya irin na ƙwan gida. A cikinsa akwai iskar zinon da gishirin wasu ƙarafa, da kuma tsinke biyu da ba su taɓa juna. Idan aka kunna, wata na'ura takan harba lantarki na dubban bolt, sai tartsatsi ya tsallaka tsakanin tsinkayen. Wannan tartsatsi shi ne hasken, kuma yana tafe da zafi mai yawa.

3.0 Matsalar Tudu

Ruwa ya ninka iska fiye da sau 20 wajen janye zafi. Saboda haka masu ƙera fitilar suka rufe ta ruf, suka bar wa ruwa aikin sanyaya ta. A tudu kuwa, zafin ba ya samun mafita, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40. Robar da ke toshe kafofin fitilar takan lalace, na'urar ma tana iya ƙonewa. Haka nan, idan aka tsoma gilashi mai zafi cikin ruwa, yana iya tsagewa, mai nutso ya wayi gari cikin duhu a ƙarƙashin ruwa. Bugu da ƙari, kallon hasken kai tsaye yana cutar da ido.

4.0 Kammalawa

Ƙarama mai wat 10 ta fi manya jure tudu, amma ko ita a taƙaita. Mai son gwadawa sai ya tsoma kanta cikin bokitin ruwa. Idan an kashe, a bari ta huce kafin a sake kunnawa. A yau fitilun LED sun maye gurbinta a yawancin wurare, sai dai masu ƙarfi daga cikinsu ma da ruwa suke hucewa. Kifi dai a ruwa yake sarki.