Hannun da ya ƙage bayan shanyewar ɓarin jiki: abin da tiyata ke iya gyarawa

A gidaje da dama, daga Maraɗi zuwa Damagaram, akwai magidanci ko uwar da hawan jini ya kayar. An yi jinya, ƙafa ta soma takawa, amma hannu ya ƙi saki. Gwiwar hannun ta lanƙwashe ta manne da ƙirji, yatsu sun dunƙule har farce na cin tafi. Sa riga sai da taimako, wanke tafin hannun kuwa sai an yi kokawa.

Asalin matsalar a ƙwaƙwalwa take. Ita ce ke ja wa tsoka linzami. Idan shanyewar ɓarin jiki, wadda likitoci ke kira AVC, ko bugun kai a haɗarin babur ya lalata wannan sashe, sai tsoka ta riƙa ɗaurewa ba hutu. In aka bar ta haka wata da watanni, sai ta gajarce, gaɓa ta sandare.

Likitoci kan fara da motsa gaɓoɓi a wajen masu kine, da ƙwayoyi irin su baclofen, da allurar Botox, wadda ƙarfinta ke gushewa bayan wata 3 zuwa 4. Sai waɗannan sun gaza ake maganar tiyata, galibi bayan an shekara da ciwon.

Kafin aiki, akan yi allurar kashe zafi a kan jijiyar da ke kai saƙo ga tsokar. Idan hannu ya saki, jijiyar ce ke matsa wa tsoka, don haka ana iya yanke wani kaso na ƙananan rassanta. Likitan Jamus Adolf Stoffel ne ya fito da dabarar sama da shekara 100 da suka wuce, likita Caroline Leclercq ta birnin Paris na cikin waɗanda suka inganta ta. Idan kuwa hannun bai saki ba, tsokar ce ta gajarce, sai a ƙara wa agararta tsawo, ko a sauya mata mazauni, ko a kafe wuyan hannu a miƙe.

A 2018, likitocin asibitin Huashan na Shanghai a ƙasar Sin sun wallafa gwajin wata hanyar: janyo jijiyar wuya ta bakwai daga ɓarin da ke lafiya zuwa hannun da ya shanye. Cikin mutum 36, an yi wa 18 aikin, kuma bayan wata 12 motsin hannunsu ya fi na sauran nesa.

Sai dai tiyata ba ta gyara ƙwaƙwalwa. Mai sauran motsi a yatsu na iya komawa riƙe kofi ko waya. Wanda ba shi da shi, ribarsa ita ce raguwar zafi, da tafin da ke wankuwa, da sauƙin sa tufa. Bayan aikin ma akwai makonnin ɗauri da watannin motsa hannu.

Don haka ƴaƴan da ke aiko da kuɗin magani daga Aljeriya, Kwaddibuwa ko Faransa ya kamata su ji daga bakin likita: motsi ake nema, ko sauƙin jinya? Kafin nan, kuɗin kine da maganin hawan jini su ne a gaba, domin hannun da ake miƙarwa kullum bai cika sandarewa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.