Ƙarar babakere a Amurka da Ingila: Lauyoyi na yi wa jama'a aiki ko aljihunsu?

A ƙarshen watan Oktoban 2023, masu taimaka wa alƙali yanke hukunci a wata kotun tarayya da ke birnin Kansas, jihar Missouri ta Amurka, sun sami ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar da wasu manyan kamfanonin dillanci da laifin haɗa baki wajen riƙe la'ada a sama, suka kuma yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. Ba gwamnati ce ta kai wannan ƙara ba. Wasu 'yan tsirarun mutane ne da suka sayar da gidajensu suka tsaya a madadin dubban irinsu, lauyoyi masu zaman kansu suka ɗauki ɗawainiyar shari'ar. A watan Maris na 2024 ƙungiyar ta amince da sulhu: za ta biya dala miliyan 418, ta kuma sauya ƙa'idojin da aka yi kuka da su.

Wannan salon shari'a yana da dogon tarihi. Dokar Sherman ta 1890 ce ta haramta haɗin baki kan farashi da babakere a kasuwa. Dokar Clayton ta 1914 kuma ta jaddada wa duk wanda aka cuta a kasuwancinsa ko dukiyarsa haƙƙin kai ƙara da kansa, in ya yi nasara a ninka masa asararsa sau uku, a kuma biya masa kuɗin lauya. A 1966 aka gyara ƙa'ida ta 23 ta kotunan tarayya, ta yadda mutum ɗaya ko kaɗan za su wakilci duk waɗanda abu guda ya shafa, sai fa wanda ya nemi a cire sunansa. Hikimar a fili take. Idan kamfani ya ƙwari mutum miliyan goma dala biyar-biyar, babu mai zuwa kotu don dala biyar, amma kamfanin ya kwashe miliyan hamsin. Sai an tara ƙananan asarori wuri guda kafin su zama ƙarar da za ta tsorata mai laifi. Shi ya sa mafi yawan shari'o'in babakere a kotunan tarayyar Amurka na masu zaman kansu ne.

To amma wa ke tuƙa irin wannan ƙara? A aikace, ƙwararru ne iri biyu. Na farko su ne lauyoyin da ke zuba kuɗinsu shekara da shekaru bisa sharaɗin sai an ci a biya su. In an faɗi, asararsu ce. In an ci, kasonsu kan kai kwata zuwa sulusin abin da aka samu, bayan alƙali ya amince. Na biyu su ne masana tattalin arziki. Aikinsu shi ne su nuna wa kotu farashin da kaya za su kasance da ba a haɗa baki ba, domin tazarar da ke tsakanin wannan farashi da wanda aka biya ita ce asarar. Kowane ɓangare kan zo da nasa masanin, kuma sau da yawa a nan ake ci ko a faɗi. A shari'ar Comcast ta 2013, masanin masu ƙara ya ƙiyasta asarar sama da dala miliyan 875 ga masu kallon talabijin a yankin Philadelphia. Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta rushe izinin haɗa ƙarar, saboda lissafin ya cakuɗa hanyoyin cutarwa huɗu alhali ɗaya kacal kotun ƙasa ta karɓa.

Nan ne damuwar take. Wanda ake yi wa shari'ar galibi bai ma san ana yi ba, balle ya tambayi lauya dalilin karɓar sulhu. Lauya kuwa yana iya fifita sulhun gaggawa mai tabbas a kan doguwar shari'ar da za ta fi amfanar jama'a. Ingila ta ba mu misali. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta buɗe ƙofar irin wannan ƙara, sai Walter Merricks ya maka Mastercard a 2016 a madadin mutum miliyan 46, yana neman kimanin fam biliyan 14. Bayan kusan shekara tara, aka ƙare da sulhun fam miliyan 200, rabi kawai aka ware wa jama'a tun farko, har kamfanin da ya ɗauki nauyin shari'ar ya yi jayayya da sulhun a gaban kotu. Mai karatu zai iya cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka, a ganina kuskure ne a auna amfanin wannan tsari da abin da ya shiga aljihun mutum ɗaya. Babban amfaninsa shi ne tsoron da yake sanya wa masu niyyar haɗa baki. Lokacin da aka bankaɗo haɗin bakin kamfanonin bitamin, Hoffmann-La Roche ya biya gwamnatin Amurka tarar dala miliyan 500 a 1999, amma maganar ba ta tsaya nan ba, domin masu sayen kayan sun bi kamfanonin da nasu ƙararrakin har aka yi sulhun sama da dala biliyan ɗaya. Hukuma tana da iyakar ma'aikata da kasafi, tana kuma iya sassautawa in gwamnati ta sauya. Lauyan da abincinsa ya rataya a kan gano laifi ba ya jiran umarnin kowa. Kwaɗayinsa, in an yi masa linzami, yana yi wa jama'a aiki. Linzamin kuwa shi ne alƙalin da zai duba sulhu da idon basira, ya ɗaure ladan lauya da abin da ya isa hannun mutane a zahiri, ya kuma tantance lissafin masani kafin ya yarda da shi.

Najeriya ta sami cikakkiyar dokar gasar kasuwa ne a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC da kotu ta musamman. Manyan matakan da aka ji zuwa yanzu, irin su dala miliyan 110 da kamfanin taba na British American Tobacco ya amince ya biya a 2023, daga hukumar suka fito. Tara kuwa gwamnati ake biya, wanda aka ƙwara a kasuwa ba ya ganin ko kwabo. Idan har muna son mai sayen siminti ko shinkafa ya iya neman haƙƙinsa da kansa, to tun yanzu ya kamata tsangayoyin shari'a da sassan tattalin arziki na jami'o'inmu su fara horar da masu wannan aiki tare, 'yan majalisa kuma su tsara yadda za a sa musu ido tun kafin a buɗe ƙofar.