Fitilar kanti a ƙasar zafi: abin da mai saye zai duba

Da magariba ta yi a bakin kwaltar Madawa, inda motocin albasa ke jeruwa, kantuna sai su kama haske ɗaya bayan ɗaya. Da wuya yanzu ka ga aci-balbal ko fitilar ƙwai a kan teburin mai shayi. Ƙananan ƙwayayen LED ne suka gaje su, wasu a rataye, wasu kuma dogon zare ne da ake mannawa a ƙarƙashin katakon jera kaya. Malamai uku ne ƴan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano yadda ake yin shuɗin ƙwai na LED, wanda daga gare shi ake samun farin haske, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Amfanin aikinsu ya iso har Buza da Keita.

Mun san darajar wannan fitila a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin, kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa, tashar hasken rana ta Malbaza kuma, mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, ba ta isa ta riƙe yankin ba. Wanda yake da ƙaramin pano da batir shi ya ci gaba da cin kasuwar dare.

Sai dai mutane da yawa har yau da wat suke sayen fitila, alhali wat yana faɗin wutar da ƙwan ke ci ne kawai. Ma'aunin haske shi ne lumen. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, na LED mai kyau kuwa yana ba da hakan da wat 9 ko 10. Kwalin da ba a rubuta lumen a jikinsa ba, ajiye shi.

Launin hasken shi ne abin da aka fi yi wa sakaci, kuma shi ya fi taɓa aljihun ɗan kasuwa. Za ka ga lamba da harafin K a kwalin. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan ja-ja irin na yamma, 6500K kuwa fari ne fat mai ratsin shuɗi, shi ne kuma ya cika kasuwa. Ka shiga shagon mai atamfa da dare a ƙarƙashin irin wannan farin ƙwai maras inganci: jan zane ya dushe, ruwan goro ya koma kamar ƙasa-ƙasa. Mace ta zaɓi turmi, gari ya waye ta warware shi a tsakar gida, ta ga ba launin da ta biya wa kuɗi ba ne. Tela ma haka yake ɗauko zaren da bai dace da shadda ba. Akwai ma'aunin wannan, ana rubuta shi CRI ko Ra, iyakarsa 100. Mai sayar da sabulu da madarar gwangwani 80 ta ishe shi. Mai yadi da mai ɗinki su nemi 90, da haske tsaka-tsaki wajen 4000K, ko da kuɗinsa ya ɗan ɗara. Ga wata riba kuma: hasken da ke da ɗan ja bai kai fari mai shuɗi kiran ƙwari ba, abin da duk mai tsire ko mai shayi zai gode wa da damina.

Babban makashin LED a wannan yanki namu zafi ne. Sa'o'i dubu ashirin ko talatin da ake rubutawa a kwali ba a ƙarƙashin rufin kwano aka auna su ba, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Ƙwan yana fitar da zafinsa ta baya, katako kuwa ba ya shan zafi. Zaren da aka manna kai tsaye a jikin katako sai gam ɗinsa ya saki, haskensa ya riƙa raguwa. A ɗora shi a kan siririn ƙarfen alminiyom mai murfi, wanda zai kwashe zafin ya kuma tare ƙurar hunturu. A kafa shi a bakin gaba na katakon yana kallon kaya, don kada ya kashe wa mai saye ido. Zare mai bolt 12 kuma ta hanyar regilata ya kamata a haɗa shi, domin batir da ke kan caji yakan haura bolt 14.

To, batun saya wa shuke-shuken cikin shago ko ɗaki fitila fa? A Turai, inda hunturu ke gajarta yini, ana sayen fitilu na musamman masu ja da shuɗin haske, launukan da ganye ya fi amfani da su wajen haɗa abincinsa. A nan ban ga dalilin kashe wannan kuɗi ba. A ma'aunin hasken da ke sauka a wuri, wato lux, ranar tsaka tana kai 100,000, ɗaki mai fitila kuwa ƴan ɗaruruwa ne. Bishiyoyin dogon yaro da aka fara jerawa a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska, da miliyoyin itatuwan da aikin raya karkara na Keita ya dasa daga 1984, duk da rana da ruwa aka rene su. Tukunyar na'ana'a ko ta zogale da ta yi tsawo ta yi fari-fari a lungun shago, fitar da ita za a yi ta sha hantsi, a maido ta inuwa kafin azahar.