KO WANE KAYA DA WURINSA

Jama'a, karatunmu na yau a kan kayan gida ne, da yadda za mu ajiye su ba tare da mun kashe ko kwabo ba.

Wata shekara ina zagayen azuzuwa a ƙasar Dambatta, na kwana a wani ƙauye. Da dare aka yi ruwan shuka. Da asuba kowa ya kama hanyar gona, amma mai masaukina yana gida yana neman sungumi. Ya duba zaure, babu. Ya duba bayan rumbu, babu. Ya ce lalle ɗansa ne ya ba da aro, ya mare shi. Sai da hantsi aka ga sungumin a ƙarƙashin tarin kara, gara ta cinye ƙotar. Kafin ya sami wata ƙota rana ta take. Maƙwabta sun yi nisa da shuka, yaro kuma ya sha mari a banza.

Mutumin nan ba rago ba ne. Sunguminsa ne ba shi da wurin ajiya.

ABIN DA YA SA GIDAJENMU SU KE CIKA

A ƙidayar 2006 mutanen Jihar Kano sun wuce miliyan 9. Ku dubi ƙasar Dambatta da Makoɗa, da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa. Gona tana jikin gona, gida yana jikin gida. Wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Michael Mortimore, ya yi binciken ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960. Ya ga kusan duk ƙasar ana noma ta ko wace shekara, ba a barinta ta huta. Ya ga kuma takin gida ne ya ke riƙe da ita.

Da ya ke babu dajin kiwo, da damina awaki da tumaki a gida a ke ɗaure su. Harawa a gida ta ke. Hatsi da kara da itace da taki duk a gida su ke. Ga mata da yara, ga kaji. Gida ɗaya yana aikin gida biyar. Gidan da ya ke haka, in ba a tsara shi ba, kullum ana cikin cigiya da faɗa.

DOKOKI UKU

1. Ko wane kaya a ba shi wuri ɗaya, kowa a gidan ya san wurin.
2. A ɗaga kaya daga ƙasa.
3. Wanda ya ɗauka, shi zai mayar da ya gama.

Dalilin doka ta biyu a fili ya ke. Gara daga ƙasa ta ke hawowa. Danshi ma haka. Kunama da maciji a ƙarƙashin tarkace su ke ɓuya. Ɓera kuma a nan ya ke sheƙa. Ɓera ba ɓarnar hatsi kaɗai ya ke yi ba. Akwai zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a garin Lasa na ƙasar Barno a 1969. Ana kamuwa da shi daga abincin da fitsarin ɓera ko kashinsa ya taɓa. Saboda haka ɗakin da babu maɓoyar ɓera ya fi lafiya.

A FARA DA RABA KAYA

Ka zaɓi rana ɗaya da rani, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Kada ka kama gida duka. Ɗaki ɗaya ya isa. A fito da kome tsakar gida, a share ɗakin, a toshe ramukan ɓera da ƙasa. Sa'an nan a raba kayan kashi huɗu.

Kashi na farko, kayan kullum, kamar buta da tabarma da tocila da kwanon ci. Waɗannan a sa su kusa da hannu.

Kashi na biyu, kayan lokaci, kamar garma da sungumi da lauje da bargo da kayan salla. A ɗaure su, a rataye can sama.

Kashi na uku, kayan gyara ko na sayarwa. Fartanya mai gyaruwa a kai ta maƙera a makon nan. Ruɓaɓɓen kwano da tsohon ƙarfe da fasasshiyar roba a sayar wa 'yan gwangwan.

Kashi na huɗu, shara. Toka da ƙaiƙayi da kashin dabbobi da ganye su tafi juji, su zama taki. Amma a tsince leda da kwalba da mataccen batir. Leda ba ta ruɓewa a gona, akuya kuma in ta haɗiye ta, ta kan rame har ta mutu.

WURIN AJIYA BA SAI AN SAYA BA

Iyayenmu sun san wannan tun ba a zo da kabad ba.

A kafa gajerun itatuwa a bangon zaure, a jere. Wannan na fartanya, wannan na lauje, wannan na gatari. A ɗaga su yadda hannun ƙaramin yaro ba zai kai ba. Ka zana siffar ko wane kaya da gawayi a bango, daidai inda ya ke rataye. Da ka ɗaga ido ka ga zane babu kaya, ka san wanda bai dawo ba.

Uwargida ta rataye ragaya a ɗaki, ta ɗora ƙwaryar nono ko sauran tuwo, ta rufe da faifai. Muciya da maburgi da mara da ludayi a huda su, ko a ɗaura musu zare, a rataye kusa da murhu. A kafa gwafanni huɗu, a jera itace a kai, ya zama wurin kife kwanuka bayan wanke-wanke. Rana ta busar da su, kaji da awaki ba su kai baki ba. Taɓarya a jingine ta, turmi a kife shi.

Buhun hatsi kada ya taɓa ƙasa. A jera duwatsu ko bulo, a ɗora itace, sa'an nan buhu. A bar taƙi ɗaya tsakanin buhu da bango don a iya shara. Tufafi su shiga adudu ko akwati. Harawa ta hau kan soro ko kan bishiya, nesa da murhu, domin da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gida.

IGIYA

Babu gidan manomi da ba ya bukatar igiya. Akwai ta guga, akwai ta ɗaure dabbobi, akwai ta shanya, akwai ta ɗaure kaya a kan jaki ko babur. Waɗansu na rama ne, waɗansu na kaba ko ɓawon kuka, waɗansu na roba. Wanda ya shuka rama a gefen gona, ya jiƙa ta, ya sale, ya tufka da kansa, ba shi da sayen igiya.

Ga yadda a ke adana ta. Ka kama bakinta da hannun hagu, ka riƙa naɗewa daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu. In saura kamu biyu, ka zagaye tsakiyar naɗin da shi, ka soke bakin. Sa'an nan ka rataye. Igiyar da aka naɗe haka ba ta sarƙewa.

Igiyar rama ko ta kaba, in an bar ta a jiƙe a ƙasa, ruɓewa ta ke yi. A shanya ta tukuna. Ta roba kuwa rana ce ta ke cinye ta, sai a ajiye ta a inuwa. In bakin igiya ya fara warwarewa, a ɗaure shi da zare. In ta roba ce, a ɗan nuna wa bakin wuta ya haɗe.

Igiyar guga dabam ta ke. Kada a ɗaure akuya da ita, kada a yar da ita a taɓon bakin rijiya. Duk ƙazantar da ta kwasa, cikin ruwan shanmu za ta kai ta, daga nan sai amai da gudawa. A kafa gwafa a bakin rijiya, a rataye guga da igiyarsa. A rufe rijiyar kuma, saboda yara.

Igiyar shanya a ɗaga ta sama da kan mutum. Igiyar turke a gajarta ta, kada akuyar wannan turke ta kai ga ta wancan, su sarƙe su shaƙe juna da dare.

WAYAR WUTA

Yanzu akwai wata igiyar da kakanninmu ba su sani ba, watau wayar caja da ta sola da ta rediyo. Cikin waya akwai siraran zaren ƙarfe. In ana lanƙwasa ta da ƙarfi, sai su tsinke, galibi a wajen kai. Don haka a naɗe ta sako-sako, kamar faɗin tafin hannu, a ɗaure da ƙyalle. In za a zare ta, a kama kan, kada a fizgi wayar. A sami gwangwani mai murfi a zuba su ciki, domin ɓera yana gaigayar waya.

Kada waya ta bi ƙarƙashin tabarma ko katifa. A bi da ita ta jikin bango, can sama. Kada a yi cajin salula a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, don ta kan yi zafi. Batirin sola a ɗora shi a kan katako, inda iska ta ke shiga, inda yaro ba ya kaiwa. Wayar da ta ɓare a daina aiki da ita sai an gyara. Kada a shanya tufafi a kan wayar wuta ko da an ɗauke wuta, don ba a san lokacin da za a kawo ta ba.

GUBA

Wannan ya fi duk sauran muhimmanci. Maganin feshi da maganin ɓera da kananzir da fetur ba su da wuri a ɗakin kwana, ba su da wuri a ɗakin girki. A sa su a akwati mai makulli, can wajen rumbu. Kada a juye su a kwalbar lemo ko robar ruwan sha. Yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. Robar da maganin feshi ya ƙare a ciki, a huda ta, kada a zuba mata mai ko ruwa.

Ƙwayar nan da a ke jefawa cikin buhun hatsi, iska mai guba ta ke fitarwa. Kada a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa ita. Akwai buhu mai suna PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Riɓi uku ne, leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. In an ɗaure ko wane riɓi da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin wake su mutu ba tare da magani ba.

GA INDA KARATUNKU ZAI YI AIKI

Kun iya rubutu yanzu, to, ku yi aiki da shi a gida. Ku rubuta a jikin gwangwani da manyan baƙaƙe: GISHIRI, KANWA, IRIN GERO, IRIN WAKE, GUBA. A jikin na iri ku sa shekarar da aka girbe shi.

Katin asibiti da katin rigakafin yara da katin zaɓe da takardar gona da rasit, a haɗa su a leda ɗaya, a sa a gwangwani mai murfi. Maigida da uwargida su san inda ya ke. Ranar da ciwo ya tashi da dare, ba ranar neman kati ba ce.

A shafin ƙarshe na littafinka ka rubuta aro: abin da ka bayar, da wanda ka ba, da ranar. In an dawo da shi ka soke. Da mai masaukina ya yi haka, da bai zargi ɗansa ba.

AIKIN YINI

Ba mu bukatar agogo. Lokatan salla sun raba mana yini.

Bayan asuba: shara, ɗebo ruwa, ba dabbobi abinci, kwashe kashinsu zuwa juji.
Da hantsi: wanke-wanke, shanya shimfiɗa.
Bayan la'asar: mayar da kayan aiki ko wane wurinsa.
Kafin magariba: kwashe shanya, rufe kaji a akurki, duba fitila.
Kafin kwanciya: kashe wutar murhu, rufe abinci, zare caja.

Sau ɗaya a mako a wanke randa, a kife duk wani kasko ko gwangwani ko tsohuwar taya da ruwa ya kwanta a ciki. Ƙwan sauro ya kan zama sauro cikin kamar kwana 10. In ana zubar da ruwan ko wane mako, ba zai kai ba.

A watan Afrilu a kai garma maƙera, a tufka igiyoyin turke, a duba iri, a kai taki gona. Kafin kaka a share rumbu, a toshe tsagoginsa, kada sabon hatsi ya tarar da tsohon ƙwaro.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ya tara iyalinsa, ya ce, "Uwargida, ɗakin girki da randa naku ne, ke da amarya, kowa ranar girkinta. Kai babban yaya, igiyoyi da turaku. Ke 'yar auta, kaji. Ni kuma kayan gona da akwatin guba." In kowa ya san nasa, ba a cewa wane ne bai yi ba. Maigida kuma shi zai fara. In ya yar da fartanya a ƙofar zaure, yaro ma yarwa zai yi.

TAMBAYOYI

1. Faɗi dokoki uku na ajiyar kaya.
2. Don me ba a ɗaure akuya da igiyar guga?
3. Waɗanne abubuwa ne ba a zubawa a juji?
4. Ina ya kamata a ajiye maganin feshi?
5. Yaya a ke naɗe wayar caja?

AIKIN GIDA

Ka kafa marataya biyar a zaure ko a ɗaki. Ka rubuta sunan kayan da ka rataye a ko wane ɗaya. Ka zo da sunayen a rubuce ranar aji mai zuwa, mu karanta tare.