Turanci a kwalejin fasaha: wace magana ce gaskiya?

Maganar da ta fi yawo a kwalejojin fasaha na Kano da Kaduna ita ce wai mai koyon walda ko kanikanci ba ruwansa da Turanci, hannunsa ne zai ciyar da shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Duk wanda ya leƙa Panteka a Kaduna ya ga masu ƙera injin niƙa da tukwanen alminiyam waɗanda da Hausa suka koya, da ita kuma suke koyar da yaransu, aikinsu kuwa ba a raina shi. Sai dai ɗan kwaleji yana da ƙofofin da sai da Turanci ake buɗe su. NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992 don jarrabawar fasaha da kasuwanci, tana da takardar Turanci. Mai son ci gaba zuwa difloma ko digiri ta hanyar jarrabawar JAMB zai tarar Turanci wajibi ne a kan kowa, ko injiniya zai karanta.

Ko a gareji ma abin ya canja. Bakanike a yau yana jona kwamfutar bincike a ƙarƙashin sitiyari, ta fito masa da lamba irin P0300, da bayanin Turanci a gefenta cewa wuta tana tsallake a silindoji. In ya iya karantawa, sai ya nufi fulogi da koyil da hanyar mai. In bai iya ba, sai ya kama canje-canjen kaya da ka, mai mota yana biya. Haka mai haɗa sola: littafin inbata ne ke faɗa masa ƙarfin batirin da za ta ɗauka, kuskure ɗaya kuwa ya isa ya ƙone kayan dubban nairori.

Ta ɓangaren malamai, wasu sun yi imani cewa bayani da Hausa yana ɓata Turancin ɗalibi, har ana cin tarar wanda aka kama yana magana da harshen gida. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ita ce ta fi damuna. A shekarun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yaran firamare darussa da Yarabanci tsawon shekara 6, Turanci kuma a matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Yaron da aka fahimtar da shi yadda wuta ke zagayawa a waya da harshen da yake tunani da shi, in aka ba shi kalmar Turancin sai ta sami wurin zama. Wanda aka hana shi Hausa kuwa shiru yake yi, ya haddace abin da bai gane ba, malam ya ɗauka ladabi ne.

Zancen cewa daƙiƙan da Turanci ya gagara ake turawa makarantar sana'a, rashin adalci ne kawai. Raunin Turanci yawanci daga firamare aka taho da shi, daga aji mai cunkoso da rashin littafi.

Ɗalibai kuma na cewa wanda ya girma harshensa ya riga ya ƙage. Gaskiya ne lafazi yana wa babba wuyar sauyawa, amma karatu da rubutu ba su da wannan iyaka. Ƙorafinsu da na yarda da shi shi ne darasin ya yi nisa da aikin hannu: ana ta nahawu da insha'i, alhali kafinta yana buƙatar rubuta ƙiyasin kuɗin aiki ga ma'aikata, mai wayarin yana buƙatar karanta zanen gini da gargaɗin da ke jikin na'ura. Malamin Turanci da na sana'a su zauna tare su tsara darasi daga littattafan injinan da yaran ke taɓawa kullum, wannan ba ya buƙatar sabon kasafi.