Ina Imel Ɗinka Yake Zaune?

Idan lokacin rajistar JAMB ya zo, abu uku za a nema a wurinka: lambar NIN, lambar waya da adireshin imel. Biyun farko kowa yana kula da su. Na ukun kuwa, da yawa mai shagon intanet ne ke buɗe musu cikin gaggawa, su tafi ba su riƙe adireshin ba balle kalmar sirri. Sai ranar buga sakamako, ko takardar samun gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, sannan ido ya raina fata. Don haka bari mu san yadda imel yake tafiya, da ƙofofin da ake bi a karanta shi.

Imel ya girme mu duka. A 1971 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma shi ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan inda akwatinsa yake. Akwatin nan ba a cikin wayarka yake ba. Yana cikin manyan kwamfutocin kamfanin da ya ba ka adireshi, kamar Google ko Yahoo, waɗanda ake kira saba.

Ƙa'idoji uku na tafiyar saƙo

Ka ɗauka kana Shagari, kana son aika wasiƙa ga yayanka a Sakkwato. Za ka ba direba a tasha, ya bi ta Bodinga ya kai ta birni. Wannan direban a duniyar imel shi ne SMTP, ƙa'idar da aka tsara a 1982. Aikinta aikawa kawai.

Karɓa kuma hanya biyu ce. Ta farko POP3, wadda ta fito a 1988. Ita kamar yayanka ya je tasha ya ɗauke wasiƙar ya kai gida ce: saƙon yana sauka cikin kwamfuta ɗaya, kuma sau da yawa ana share shi daga saba, sai in an saita a bar kwafi. Idan kwamfutar ta lalace, saƙon ya tafi. Ta biyu IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a 1986. A nan wasiƙa tana nan cikin akwati, kai dai makulli ke hannunka. Ka duba a waya, ka duba a kwamfutar makaranta, abu ɗaya za ka gani. Amma ka lura, abin da ka share a wuri ɗaya ya sharu ko'ina.

Ƙofofi biyu na shiga akwati

Ƙofa ta farko ita ce burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Akwai Firefox ta 2004, Chrome ta 2008 da Edge ta 2015. Ka rubuta adireshin Gmail, ka sa kalmar sirri, ka karanta. Ba a girka komai, kowace kwamfuta ta wadatar. Matsalarta ita ce in babu sabis ko data, yawanci babu karatu. Akwai kuma Opera Mini da muke so saboda tana matse shafi kafin ya iso waya, data ta yi auki. Sai dai wannan matsewar takan hana wasu shafukan rajista aiki daidai, don haka cike fom ya fi kyau da Chrome ko Firefox.

Ƙofa ta biyu ita ce manhajar imel da ake girkawa a kwamfuta, irin su Outlook na kamfanin Microsoft da Thunderbird na Mozilla, wanda kyauta ne. Waɗannan su ne ke amfani da SMTP wajen aikawa, da IMAP ko POP3 wajen karɓa. Amfaninsu babba ne a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa: suna sauke saƙonni ka karanta daga baya ko babu intanet, ka rubuta amsa ta jira, sabis na dawowa ta tafi. Suna kuma haɗa adireshi biyu ko uku wuri ɗaya. Shi ya sa suka dace da ofishin shugaban makaranta ko na jami'in jarrabawa.

To wanne ya dace da kai?

A kwamfutar da ba taka ba, burauza kawai. Buɗe tagar sirri, kada ka yarda burauza ta ajiye kalmar sirrinka, kuma ka fita daga akwatinka kafin ka tashi daga kujera. Kada ka bari a sa adireshinka cikin Outlook ko Thunderbird na shago, domin saƙonninka za su zauna can bayan ka tafi. A kwamfutarka ko ta gida kuwa, manhajar imel tana da kyau, amma ka zaɓi IMAP.

Kafin ka je rajista, ka buɗe adireshinka da hannunka, da sunanka na gaskiya. Ka haɗa shi da lambar wayar da ba za ka yar ba, domin da ita ake dawo da akwati idan an manta kalmar sirri. Ka rubuta adireshin a littafin da ke gida, kalmar sirri kuma kada aboki ya sani. Ka riƙa leƙa akwatin Spam, don saƙo mai muhimmanci yakan faɗa can.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.